Sunan da Luba Ta Ƙi Faɗa

Shekara arba'in da ɗaya Nagoggo ya yi a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa Luba ba. Ɗan fari ne, kuma Luba mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Tana yaye shi ta miƙa wa goggonsa, daga nan laƙabin ya bi shi, sunan yankan, Ummaru, ya koma na malamin allo kaɗai. In za ta kira shi sai ta ce "kai wannan". In yana tsakar gida, sai ta gaya wa turmi abin da take so ya ji.

Da ƙari ya fito mata a wuya, shi ya kai ta Katsina a mota. Likita ya duba, ya ce ciwon daji ne, ya riga ya yi nisa, a je gida a lallaɓa ta. Nagoggo ya dawo da ita Jibiya, ya ajiye fataucin gyaɗa, ya koyi dama kunu mai ruwa-ruwa wanda zai wuce maƙogwaro ba faɗa. Ita kuwa ko ciwo bai rage mata tsiwa ba.

"A gaya wa mai kunun ga tsamiya ta yi yawa," in ji ta, tana duban bango.

"Bango ya ji, Inna," in ji shi.

Muryar ce dai kullum take ƙara shaƙewa. Abin yana cin ransa, don ya san in ta tafi, shi ke nan, ba zai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Bayan girbi ta ce ganin gida take so, ƙauyensu na can wajen Maraɗi inda ƙanwarta Safiyatu take. Kowa ya gane nufinta, ba wanda ya furta. Ya ɗora ta a kan jaki da matashi biyu, suka bi hanyar mota, don ta jeji ta fi ƙarfin jikinta.

A shingen Faransawa na kan iyaka suka tarar da sabuwar doka. Ana tsoron sanƙarau a shekarar, ba a barin majinyaci ya ƙetare sai da ɗan'uwa na jini a tare da shi. Wani Bature mai jan wuya yana zaune da littafi, gardinsa Arzika, mai gadin shingen, yana yi masa tafinta. Ya leƙa wuyan Luba, ya yarda ba sanƙarau ba ne, sannan ya yi tambaya.

Arzika ya sosa ƙeya. "Tsohuwa, ya ce mi wanga yake gare ki, kuma mi sunanai?"

"Ni ɗanta ne, sunana..." Nagoggo ya fara.

Bature ya ɗaga hannu. Daga bakinta yake so.

Luba ta dubi kunnen jaki. "Ce mai wannan ne."

"Ya ce wannan ba suna ba ne."

"To ce mai na goggonai ne."

"Ya ce in na goggo ne, a je a zo da goggon."

"Goggon tana kabari shekara tara, shi tai shi ɗauko ta."

Fataken da ke jiran layi suka kwashe da dariya. Arzika ya yi ta bayani da Faransanci har da hannuwa, shi ma ɗan fari ne, ya san zancen. Bature dai ya rufe littafi, ya nuna hanyar Jibiya.

Nagoggo ya kama igiyar jaki zai juya. Gara su koma da ya ga an kunyata ta gaban maza.

"Tsaya," in ji Luba.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta haɗiye yawu da ƙyar. Muryar ta fito siririya, amma kowa ya ji.

"Ummaru. Ɗana na hwari. Rubuta da kyau, kak ka ɓata shi."

Arzika ya ɗaga sandar shinge yana kallon ƙasa. Nagoggo ya ji daɗi irin wanda bai san inda zai sa shi ba, har ya nemi ya bi ta ƙarƙashin sandar da jakin a karkace.

"Kai wannan, za ka kashe ni," ta ce.

Suka yi tafiya mai tsawo cikin gonakin da aka girbe. Can ya waiwayo.

"Inna, ko akwai wani shingen gaba?"

"Babu. Ja jakinka."

Ya ja. Sai da rumbunan ƙauyen suka fara bayyana, ba kowa a hanya sai su biyu, ya ji ta daga baya.

"Ummaru."

Ya tsaya cak. "Na'am, Inna. Ruwa za ki sha?"

"A'a. Tahi dai. Ina so in ƙara hwaɗi tun da sauran murya."