Ramin Ruwan Gidan Madam Nasiba

Basiratu malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Filinge. Mijinta Yakubu ɗan kasuwa ne, yau yana Bonkuku, gobe Damana, kuma ba su da dangi a gari. Shi ya sa da ɗansu Zaidu ya shiga shekara ta uku, ta fara kai shi gidan renon yara na Madam Nasiba, inda mata masu aiki ke barin ɗiyansu daga safe har azahar.

Zaidu ɗan fari ne, don haka Basiratu ba ta kama sunansa. Sai dai ta ce "yaron nan". Shi kuwa bakinsa ba ya hutawa, ko akuya ya gani a hanya sai ya gaishe ta.

A bayan ɗakin yaran akwai ramin siminti da Madam ke tara ruwa, saboda pampo yakan ɗauke. Ramin ba shi da murfi. Iyaye sun yi magana ba sau ɗaya ba, Madam ta ce maƙeri na nan tafe. Da maƙeri bai zo ba, wani uba ya kawo falankin kwano aka ɗora, aka danne da dutse. Yara sun yi wa Madam yawa, kowa ya sani, amma babu wani gida irin nata a unguwar.

Farkon damina aka yi iska mai ƙarfi da asuba, ta yaye kwanon. Ba wanda ya leƙa baya. Basiratu tana gaban allo da alli a hannu, maƙwabciyarta Jummai ta tsaya bakin ƙofa ba mayafi.

"Taho mu tahi likita," Jummai ta ce. "Yaronki ne."

An shimfiɗe shi a kan gado, rigarsa jiƙe. Basiratu ta duƙa ta kira sunansa a gaban mutane, ta sake kira. Likita ya ce tun kafin a kawo shi rai ya yi halinsa.

Yakubu ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ya zauna ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, yana cewa kwana ne ya ƙare. Da ya shiga ɗaki sai ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na rawa. Madam Nasiba ta zo ta durƙusa a tsakar gida tana kuka. Basiratu ta amsa gaisuwarta, amma ta kasa ɗaga ido.

Hukuma ta rufe gidan renon. Bayan sadakar bakwai, Jummai ta shigo da mata uku, cikinsu har da Saratu, suka daɗe suna jan gaisuwa kafin ta buɗe baki.

"Basiratu, kunya muke ji, amma dole ta sa. Saratu ta kulle nata biyu cikin ɗaki ta tahi aiki. Ni kuwa na bar tawa ga tsohuwa da ba ta gani. An ce in kun yafe, za a buɗe gidan."

Basiratu ta dubi goyon da ke bayan Saratu, yana barci da yatsa a baki.

"Yaya Jummai, mi kuke so in ce? Duk mun ga ramin nan. Duk mun wuce."

Can Basiratu ta ƙara da cewa, "A cike shi da ƙasa. A rage yara, a ƙaro mai kula da su. In an yi, ku zo ku kira ni."

Ran da aka cike ramin, Yakubu da kansa ya jawo amalanken jaki da yashi, sauran iyaye maza suka kama shebur. Basiratu ta tsaya har aka daddaɓe wurin, sannan ta faɗa wa Madam ta yafe.

Gidan ya buɗe da yara kaɗan. Hanyar lakwal ta gabansa ta bi, kuma da safe ana jin su suna waƙa. Basiratu ta gwada bi sau ɗaya, ta juyo tun ba ta kai ƙofar ba. Tun daga ranar ta bayan kasuwa take zagayawa, ko da za ta makara.