Shirin Kawu na Ƙarshe

Dogo ne ke kula da kwamfutocin gidan rediyon. Duk shirin da aka naɗa a situdiyo, sai ya bi ta wata babbar kwamfuta da suke kira saba kafin ya kai wurin masu watsawa. Sabar biyu ce: ɗaya a ɗakin sanyi na ƙasan bene, ɗaya a ginin eriya, tsallaken titi. Waya ce ta haɗa su ta ƙarƙashin kwalta. Ta farkon ke aiki, ta biyun tana kwafe duk abin da ya shigo, tana jiran ranar da 'yar'uwarta za ta ɗauke ta karɓi aikin. Dogo ne ya haɗa su da hannunsa, kuma yana ji da su.

Wanda ya kawo shi gidan kuwa kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa, mai gabatar da shirin yara tun Dogo yana rarrafe. Har manaja Kawu yake ce masa. Da muryar Kawu ta fara dishewa, an ɗauka mura ce. Daga baya likita ya ce ciwon a maƙogwaro yake, sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba sauran magana.

Ana gobe za a yi masa aikin, Kawu ya zo da safe, ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya shiga situdiyo ya yi sallama da yaransa. Ya daɗe a ciki. Yana tsayawa ya kurɓi ruwa ya ci gaba. A ƙarshe ya kira sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tsokanar da yake masa. Mai naɗar sauti ta ce ita kuka ya hana ta ganin maɓallan. Ta tura shirin, ta ga ya shiga, ta share na injinta kamar yadda aka saba, saboda ba ya da wuri.

Da ya fito, Kawu ya leƙa ɗakin sanyi, ya ce wa Dogo cikin raɗa, "Ɗan nan, na bar maka muryata. Ka riƙe."

Babu wanda ya san cewa a safiyar nan masu gyaran magudana sun tsinke wayar da ke ƙarƙashin titi. Kowace saba ta ɗauka ɗayar ta mutu, kowacce ta kama aiki ita kaɗai. Shirin Kawu ya bi ta wata hanyar da ba ta tsinke ba, ya faɗa cikin ta tsallaken titi. Da yamma aka ɗinke wayar, ta farkon ta koma matsayinta, ta mayar da ta biyun daidai da abin da ke cikinta. Abin da ba ta sani ba, ta goge. Dogo yana asibiti a lokacin, yana riƙe da jakar Kawu.

Sai ranar da za a sa shirin aka neme shi aka rasa. An riga an yi aikin.

Dogo ya ciro faifan ajiyar, ya bi shi lungu-lungu, ya kai wa wani abokinsa da ya fi shi sanin harkar. An rubuta labarai da tallace-tallace a kan wurin. Abin da suka tsamo bai wuce gyaran murya da rabin gaisuwa ba.

Mahaifiyar Dogo ta ce kada ya faɗa wa Kawu, a ce masa an ɗage shirin. Dogo ya ce ba zai iya ba, mutumin nan kullum rediyo na kan ƙirjinsa yana jira.

Ya same shi a jingine, an naɗe masa wuya, matarsa na yi masa fifita. Ya durƙusa gefen gadon ya yi bayani, har da waya da magudana, kamar bayanin zai rage wani abu.

"Kawu, ba a samu ba. Na nema. Wallahi na nema."

Kawu ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe. Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ɗora hannu a kan Dogo yana shafawa, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Matarsa ta tambaya ko akwai wanda ya haddace abin da ya faɗa wa jikokin. Dogo ya ce mai naɗar sautin ta tuna kaɗan. Ta ce to a kawo ta, ta faɗa musu ko da kaɗan ɗin ne, kafin ita ma ta manta.