Ƙanƙara a Waje, Magani a Ciki

Sana'ata sayar da ƙanƙara, kuma duk unguwarmu an san ni da ita. Firinji uku gare ni a ɗakin tsakar gida kafin ciwon Auta ya cinye biyu. In na ɗora tafin hannuna a kan kula, ba sai na buɗe ba zan gaya maka ko ƙanƙarar ciki za ta kai yamma. To ni ɗin ce aka wayi gari ina yawon roƙon ƙanƙara a filin jirgin wata ƙasar da ko sunan kuɗinta ban sani ba. Har yau in na tuna abin da suka yi mini sai in ji zuciyata tana tafasa.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe. Ciwon gaɓoɓi ya kama ta tana ajin ƙarshe na firamare, har ta kai ba ta iya riƙe biro. Da makaranta ta gagara, sai ta koma zama a kan tabarma a ƙofar ɗakin firinji tana yi mini talla da baki. Duk wanda ya shigo saye sai ta ce masa, "Taɓa ka ji, da sanyinta." Likita ya ce akwai allurar da za ta iya tayar da ita, amma babu irinta a ƙasarmu. Ƙanin maigidana da ke aiki a waje ya samo inda ake sayarwa, sai dai ba a aiko ta ta gidan waya, dole mutum ya riƙo ta a hannu cikin sanyi. Maigida ya ce in dai maganar sanyi ce, ai babu mai zuwa sai ni.

Da na isa can, mai kantin maganin ya jera 'yan kwalaben a wata ƙaramar jaka mai kamar kula, ya kewaye su da daskararrun ledojin sanyi, ya sa takardar likita a aljihun gefe. Ya nuna mini wani ɗan farin tambari a jikin kwalin, ya ce in ya koma ja to zafi ya taɓa maganin, kada a kuskura a yi wa yarinya. Ragowar kuɗin da ke hannuna na ce ya ƙara mini kwalba ɗaya da su. Me zan yi da kuɗi a cikin jirgi?

Tikiti mai sauƙi muka yanka, irin wanda ake sauka a wata ƙasa a canza jirgi. An ce zaman ba zai wuce a sha ruwa a miƙe ƙafa ba. A hanyar dawowa muka sauka da hantsi, aka kora mu wani dogon zaure mai kujerun ƙarfe, bangonsa duk gilashi. Can sai aka ce jirginmu ya samu matsala. Aka ɗaga tashi zuwa azahar, azahar ta yi aka sake ɗagawa. Babu mahaluƙin da ya fito ya ba mu haƙuri, allo ne kawai yake ta canza lamba yana kallonmu.

Kusa da ni wani dattijo ne zaune, tela, ya dawo daga duba ɗansa. Tun a jirgin farko nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini 'yata. Ya lura ina yawan shafa jakar, ya tambaye ni, na ba shi labarin Auta. Ya yi mata addu'a, ya ƙara da cewa in ta warke shi zai ɗinka mata kayan komawa makaranta.

Da rana ta karkata na sake ɗora hannu a kan jakar. Ledojin sun fara laushi. Irin wannan laushin na san shi, daga shi sai ruwa.

Na bi zauren kaf. Kantin turare, kantin agogo, kantin jakunkunan da kuɗin ɗaya zai sayi firinji. Mai shayin da ke ƙarshen zauren ta ce injin ƙanƙararsu ya lalace tun makon jiya, ta faɗa tana danna waya. Ina juyowa sai na hango ta cikin gilashi, can ɗaya ɓangaren, wani kantin lemo ana kamfatar ƙanƙara ana zuba wa mutane a kofi. In na jefa takalmina daga inda nake, a kan teburinsu zai faɗi.

Na koma na ajiye jakar a cinyar Baba, na ce kada ya buɗe ko da wasa. Wani zai ce don me ban tafi da ita ba. Ai duk mai sana'armu ya sani, ba a ɗaukar kula a shiga zafi da ita, ƙanƙara ake kawo wa kula inda take. Zauren namu akwai ɗan sanyin na'ura, wancan ɓangaren kuwa ƙofofinsa a wangale suke ga titi, rana tana dukan ƙasa. Na yi abin da na saba yi kullum, kuma da a kasuwa ne da na yi daidai.

A bakin ƙofa akwai wani jami'i a cikin ɗan akurki. Na nuna masa kantin lemon, na ce ƙanƙara zan karɓo don maganin yarinya, yanzu zan dawo. Ya yi murmushi har da gyaɗa kai, ya karɓi fasfo ɗina, ya buga hatimi tim, ya miƙo mini. Ni a zatona shaidar fita ce irin wadda mai gadin asibiti yake ba mai jinya. Har godiya na yi masa, Allah ya sani.

Mai lemon mutumiyar kirki ce, ta cika mini leda ba ta karɓi komai ba. Na naɗe ledar a mayafina na matse, na juyo da saurina. Jami'in akurkin ya ɗaga hannu, ya ce nan hanyar fita ce, ba a komawa ta nan. Ya nuna mini wani layi can gefe.

A ƙarshen layin wani mai tabarau ne zaune bayan taga, fuska kamar bai taɓa dariya ba.

"Ina rasit ɗin harajin fita?" in ji shi.

"Fita daga ina?"

"Daga ƙasarmu."

"Yaushe na shigo ƙasarku da zan fita?"

Ya buɗe fasfo ɗina, ya ɗora yatsa a kan hatimin da ko bushewa bai gama yi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni matafiyiya ce, jirgi nake jira. Jirgin ne ya ƙi zuwa. Daga ƙofar can zuwa kantin can iyakar tafiyata ke nan."

"Kin shigo. Duk wanda ya shigo, in zai fita sai ya biya."

"To wancan da ya buga hatimin me ya hana ya gaya mini?"

"Aikinsa buga hatimi. Nawa karɓar haraji."

Na ce ba ni da ko kwabo. Na miƙa katin bankina, na'urarsa ta tofo shi. Ya ce kuɗin ƙasarsu kawai suke karɓa, ko katin da na'urar ta sani, sannan ya leƙa bayana ya ce na gaba ya matso.

Wallahi na sha ganin rashin imani a kasuwa. Na ga mai wuta ya yanke mini layi da tsakar rana firinjina cike da kaya. Amma ko shi ya san abin da na ci nasa. Waɗannan fa? Ban sha ruwansu ba, ban kwana a ɗakinsu ba, ban taka titinsu ba. Kujerar ƙarfe suka ba ni na zauna don jirgi ya makara, shi ne za a caje ni kuɗin barin gari kamar wadda ta zo yawon buɗe ido.

Na koma jikin gilashin. Ga Baba can ina ganinsa, ya rungume jakar yana waige-waige. Na buga gilashin har ya hango ni, na ɗaga masa mayafin da ya fara ɗiga. Ya taso ya zo, muka tsaya fuska da fuska, ba mai jin wani.

Na roƙi wani mai gadi da ke tsaye a wurin. "Ɗana, don girman Allah karɓi ledar nan ka miƙa wa dattijon can. Ga shi nan kana ganinsa."

Ya ce an hana su karɓar kayan fasinja.

"To ka karɓo mini jakar daga hannunsa."

Ya ce ita ma kayan fasinja ce. In dattijon yana so ya fito da ita da kansa, bismilla, sai dai shi ma za a buga masa hatimi. Na dubi Baba da tsohon takalminsa, na san aljihunsa bai fi nawa nauyi ba. Ko da ya fito ma, mu biyu za mu maƙale a cikin zafi har da maganin. Na yi masa alama da hannu ya koma ya zauna.

Na kira ƙanin maigidana, yana wurin aiki, waya ta yi ta ringi ba a ɗaga ba. Na bi masu layi ɗaya bayan ɗaya ina bayani, ni da ban taɓa roƙon maƙwabciya gishiri ba. Wasu suka kau da kai, ban ga laifinsu ba, don a irin wurin nan kowa tsoron a damfare shi yake yi. Daga ƙarshe wani bawan Allah mai ƙaton akwati ya ce zai biya da katinsa in an turo masa ta waya. Kafin ƙanin maigida ya ɗaga, kafin ya gane abin da nake faɗa cikin kuka, kafin saƙon kuɗin ya shigo, mayafina ya jiƙe sharkaf, ruwa na bin gwiwar hannuna yana sauka a kan takalmina.

Mai tabarau ya miƙo mini rasit. A ƙasansa an rubuta suna godiya da ziyara, suna fatan zan sake dawowa.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Tunda yanzu ni sabuwar fasinja ce, sai na bi ta wurin binciken kaya. Wata mai safar hannu ta zaro ledar daga mayafina, ta ɗaga ta sama tana girgizawa.

"Ruwa ba ya wucewa."

"Ba ruwa ba ne, 'yar'uwa, ƙanƙara ce. Duba, ga sauran 'ya'yanta nan. Ta magani ce."

"Ina maganin? Ina takardar likita?"

"Suna ciki, a hannun wancan dattijon."

"To babu shaida ke nan."

Na ce, "Ku kuka tsare ni har ta narke!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta jefa ledar a kwandon da ake tara robobin ruwa, na ji 'yan guntayen ƙanƙarar sun yi ƙara a ciki. Da ba don tunanin Auta ba, da ranar sai an kira mini 'yan sanda.

Na samu Baba a tsugune a wata kusurwa inda na'urar sanyi take ɗan hurowa. Ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe jakar, yana yi mata fifita da tikitinsa.

"Ban buɗe ba, 'yata. Ko zif ɗin ban taɓa ba."

Na durƙusa na ɗora tafin hannuna. Tun kafin in buɗe na sani, amma na buɗe. Ledojin sun zama ruwa, tambarin ya yi ja wur.

Baba ya yi salati, ya zauna daɓas a ƙasa. Muna nan zaune lasifika ta fara magana. Wai tunda zaman fasinjojin jirginmu ya zarce lokacin da doka ta yafe, kowa ya je taga ya biya harajin fita kafin a ba shi izinin shiga jirgi. Zauren ya kaure da hayaniya, mutanen da ko ƙofar ba su leƙa ba suka miƙe suna zage-zage suna laluben aljihu. Baba ya dube ni, ya ce, "Ke dai kin riga kin biya naki."

Sai wayata ta yi ƙara. Lambar maigida ce, amma muryar Auta na ji.

"Umma, kun taso? Abba ya ce gobe da safe za a kai ni a yi mini allurar farko."

Na ce muna hanya.

"Kina dai kula da maganin ko? Umma, taɓa ki ji. Da sanyinsa?"

Hannuna yana kan jakar, ɗumi ne kawai yake ratsa tafina.

"Umma? Kina ji na?"