Mutum na Huɗu a Gurup Ɗinmu

Har yau in muka haɗu ni da Zalika da Jibo sai mun yi gardamar wanda ya fara kawo shawarar tafiya Gesheme. Zalika ta ce ni ce. Ni kuwa na san Jibo ne, don duk ajinmu babu mai tsoron zero kamarsa.

Shekararmu ta farko ke nan a wata makarantar koyon aikin ofis a nan Dogon Dutsi, bayan mun samu bak, wato takardar gama sakandare. Ni sunana Hure, daga Kiyeshe na zo. Malaminmu na Ingilishi, Mushe Khalid (Mushe muke ce wa malami a nan, daga Faransanci), mutum ne da ba ya janye magana in ya faɗe ta, ko da bakinsa ne ya suɓuce. Ya taɓa rubuta Talata a allo ranar Laraba, aka gaya masa, ya ce a darasinsa dai Talata ce. Haka muka kwafa.

Cikin watan Afrilu ya raba mu huɗu-huɗu don ekispoze, wato kowane gurup ya tsaya gaban aji ya yi bayani da Ingilishi na minti goma. Ya kafa doka: duk wanda sunansa ke cikin gurup sai ya buɗe baki. In mutum ɗaya bai yi magana ba, zero ga kowa. Jibo ya sa hannu cikin hula ya jawo mana takardar abin da za mu yi magana a kai. Teku. Cikinmu babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki.

Amma babbar matsalar ita ce mutum na huɗu. Sunansa Is'haƙa Maizama. Tun da aka buɗe makaranta kullum safe ana kiran sunan nan, ba a taɓa amsawa ba ko sau ɗaya.

Zalika ta ɗaga hannu. "Mushe, mutumin ga ba shi nan. Ba mu taɓa ganin shi ba."

"Sunanshi na cikin takarda?"

"Yana ciki."

"To yana nan," in ji Mushe Khalid, ya ci gaba da kiran gurup na gaba.

A ofishin makaranta aka ce mana ɗan Gesheme ne, lambar wayar da ya bari kuma ba ta shiga. Ranar Asabar da sassafe muka shiga mota mu uku. Muna isa muka tambaya, aka nuna mana wani gida. A ƙofar gidan muka tarar da wani dattijo mai farar gemu yana sa wa hauya sabuwar ƙota. Muka durƙusa muka gaida shi, Jibo ya ce Is'haƙa Maizama muke nema.

"Ga ni."

Muka dubi juna. Na ce, "Baba, wanda muke biɗa ɗan lakwal ne, ɗan makarantarmu."

Sai ya yi mana bayani. Ubansa Maizama, ɗansa ma Maizama ya sa masa, jikansa kuwa takwaransa ne. Jikan aka rubuta a makaranta, amma saura kwana uku a buɗe ya bi abokansa haƙar zinariya can arewa. Jibo ya kusa kuka. Ya gaya masa dokar Mushe Khalid, da zero ɗin da ke jiranmu.

Dattijon ya daina abin da yake yi. "Zero ɗin, a gaban wane suna za a rubuta shi?"

"Sunayenmu duka, Baba. Har da na Is'haƙa."

"Sunan ga nawa na, aro nib ba yaron. Shekara saba'in da biyu ina riƙe da shi ba wanda yas sa mai zero. A kan mi za a yi maganar?"

"Teku," in ji Zalika.

Ya ajiye hauyar. Ashe shekara goma sha tara ya yi a Ghana yana dako a tashar jiragen ruwa, har ya yi aiki cikin jirgi na shekara biyu. Nan take ya juya harshe ya zuba mana Ingilishi mai kauri da sauri, kamar yana faɗa da wani can bayan gari. Kalma uku na tsinta, ɗaya daga ciki ma ina zaton zagi ne. Jibo sai washe baki yake. Zalika ta mintsine ni a hannu ta ce a hankali, "Mun shiga uku."

Ran Litinin sai ga Baba Is'haƙa a Dutsi da jakarsa, ya sauka gidan wani ɗan ƙanensa mahauci. Muka tsayar da gidan su Zalika wurin gwaji, kullum bayan la'asar.

Mu da ma mun riga mun shirya abinmu. Jibo ya zazzago bayani daga waya, shafi uku, da zurfin teku da sunayen kifaye. Muka raba muka haddace ba tare da mun san abin da muke cewa ba. Baba ya saurare mu har ƙarshe idonsa rufe.

"Wanda yar rubuta wanga abu bai taɓa jiƙewa ba," in ji shi. "Ku ma kuna faɗinshi kamar kuna karatun takardar magani. Ba a maganar teku ƙasa na tsaye ƙarƙashin mutum."

Ya zagaya gidan, ya samo wani tsohon ƙyaure jingine bayan ɗakin girki. Ya kwantar da turmin Inna, uwar Zalika, ya ɗora ƙyauren a kai. Ya ce wannan shi ne jirgi. Mai magana zai hau ya tsaya a tsakiya, sauran biyu su kama gefe da gefe suna dannawa bi da bi. Shi kuma ya dama gishiri cikin ƙwarya, ya ɗauki tsintsiya yana tsomawa yana yayyafa wa mai magana a fuska.

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Baba, turmina fa? Ban daka hatsin tuwo ba."

"Ɗiyata, yi haƙuri, muna tsakiyar ruwa."

Ta koma ciki tana salati.

Jibo ne ya fara hawa. Bai kai jimla ta huɗu ba ya sauko da gudu ya yi bayan rumbu ya amayar da furar da ya sha. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce shi ma haka ya yi ranar farko, yaron nan yana da baiwa. Zalika ta hau tana ihu, ta manta duk haddarta. Baba ya daka mata tsawa da Ingilishi ta faɗi abin da take gani. Ta ce, "Water! Too much water!" Ya ce yau ta fara magana.

Ni ce ta ƙarshe. Tun ina ƙaramar makaranta in aka ce in yi Ingilishi gaban mutane harshena ke ɗaurewa, in ji kamar kowa jira yake in yi kuskure. A bisa ƙyauren nan kuwa ban samu sararin tuna kowa ba. Ina ta neman inda zan dafa, gishiri na shiga mini ido, sai na ji kalmomi na fitowa da kansu, karkatattu dai, amma suna fitowa. Kwana tara muka yi haka. Shafi ukun Jibo suka koma rabin shafi. Inna ta koma daka a gidan maƙwabta, yaran unguwa kuma suka riƙa hawa katanga suna kallo.

Ranar ekispoze muka ɗauko ƙyaure da turmi a amalanke. Baba ya sa farar riga ya zauna a bencin gaba. Mushe Khalid ya shigo, ya gan shi, ya gaida shi da ladabi, yana zaton uban wani ne ya zo ƙara. Ya buɗe takarda ya fara kiran suna. Da ya zo kan Is'haƙa Maizama bai ko ɗaga kai ba, har ya kai biro zai sa alamar fashi.

"Present, sir!"

Mushe ya ɗago a hankali.

"Baba, kai ne Is'haƙa Maizama?"

Baba ya zaro katinsa na ɗan ƙasa ya miƙa. Mushe ya dubi katin, ya dubi takardarsa, ya sake duban katin. Shi ya ce duk wanda sunansa ke takarda yana nan, gaban mutum arba'in ya faɗa. Ya mayar da katin da hannu biyu ya ce, "Gurup na shida, bismillah."

Zalika ta fara, ta yi minti biyu tana tangaɗi. Na hau na yi nawa. Jibo ya daure har ƙarshen nasa kafin ya fita da gudu, 'yan aji suka tafa masa. Sannan Baba ya tattare riga ya hau ƙyauren, ya tsaya cak kamar a kan tabarma, ya ce mu danna da ƙarfi.

Minti arba'in ya yi. Daga abin da ya riga ya fassara mana a gida, labarin wani bunsuru ne da ya faɗa teku daga jirgi, kyaftin ya ce a bar shi, shi kuwa Baba ya ce ba a barin dabba, ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi shi. Yana yi yana kwaikwayon muryar kyaftin, da ta bunsuru, da ta iska. In ya zo wurin igiyar ruwa sai ya karɓi tsintsiya ya yayyafa wa bencin gaba. Sau biyu Mushe Khalid ya duba agogo ya buɗe baki, sau biyu ya rufe, don ba ya iya katse sa'an ubansa. Ƙararrawa ta buga, malamin darasi na gaba ya zo ya tsaya bakin ƙofa, shi ma ya tsaya sauraro.

Da aka gama, Mushe ya goge gishiri daga tabarau ɗinsa, ya yi wa Baba tambaya da Ingilishinsa na jami'a, mai santsi. Baba ya karkata kunne.

"Mushe, sake faɗi. Ingilishinka bai da ƙarfi, iska na kwashe shi."

Mushe ya sake, da ƙarfi. Baba ya amsa da abin da na tabbata Mushe bai gane rabinsa ba, amma ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Ya ba gurup ɗinmu goma sha huɗu bisa ashirin. A gaban sunan Baba ya ƙara da jan biro cewa ɗalibin ya kula da nahawu.

Muna murna a waje sai ga sirbeyan, mai kula da ladabtar da ɗalibai, da babban littafinsa. Ya ce tunda Is'haƙa Maizama ya bayyana, akwai fashin wata bakwai a kansa, kuma doka ta ce sai ya zo da uba ko mai riƙonsa kafin noti ɗinsa, wato makin da ya samu, ya shiga. Jibo ya dafe kai. Baba ya tambayi wa aka rubuta a matsayin mai riƙon ɗalibin. Sirbeyan ya duba ya ce kakansa.

"To jira ni."

Ya fita ƙofar makaranta, ya ciro rawani daga jaka ya naɗa, ya dawo ya yi sallama kamar bai taɓa ganin kowa ba. Aka ba shi kujera. Sirbeyan ya karanta masa laifin ɗalibi. Baba ya girgiza kai ya ce abin kunya ne, yaron ga ya ɓata mai suna, ba haka aka tarbiyyantar da shi ba. Ya dangwala yatsa a takardar alkawari cewa daga yau Is'haƙa Maizama ba zai sake fashi ba.

Sai a hanya Zalika ta ce, "Baba, ka san abin da ka sa wa hannu?"

Ya tsaya. "Na yi alkawali gaban mutane," in ji shi. "Ƙarfe nawa ake shiga?"

Sati biyar ya yi yana zuwa, bai makara ba ko sau ɗaya. Ya sayi littafin rubutu duk da bai iya boko ba, ni ke kwafa masa. A darasin na'ura mai kwakwalwa barci yake, a na Ingilishi kuwa shi da Mushe Khalid suka riƙa gardama a kan yadda ake faɗin kalmomi, wani lokaci har darasi ya ƙare. Sauran gurup suka fara zuwa roƙon aron ƙyaure, har da waɗanda aka ba su bayani a kan gidan waya.

Wata ranar Alhamis a ƙarshen watan Mayu, muna cikin darasi, mahaucin nan ɗan ƙanensa ya leƙo ta taga ya ce an bugo waya, ruwa ya sauka a Gesheme har ƙasa ta jiƙa kamu ɗaya. Baba ya miƙe, ya rufe littafinsa ya ajiye a gabana.

"Mushe, a ba ni izini. Shuka."

"Na kwana nawa, Baba?"

"Sai an yi girbi."

Mushe Khalid ya ɗan yi tunani, ya ɗauki biro ya rubuta masa izinin fita na wata biyar. Muka raka shi tasha mu uku. Motar na tashi ya leƙo ya ce wa Jibo ya rage shan fura kafin magana.