Ranar Tiyatar Malama

Malama ta karɓi biro daga hannun nas, ta sa hannu a takardar amincewa ba tare da ta ji ko ɗar ba. Mahaifiyarta da ke zaune a bakin gadon ta kawar da kai.

"Shi ke nan, sai a cire?" in ji tsohuwar. "Mace ba mahaifa ai gida ne ba ɗaki."

"Inna, ɗakin da ya shekara huɗu yana yoyo? Jikokinki uku sun fito lafiya. Ƙari ne kawai ya rage a ciki, baƙon da ya ƙi tafiya."

Shekara huɗun nan tana koyar da lissafi a jingine da bango, don tsoron ta juya ga allo ɗalibai su ga jini a zaninta. Ta sha ƙwayoyi, an yi mata allurai, sau biyu ana ƙara mata jini. A watan jiya jiri ya kayar da ita a gaban aji, alli a hannu. Ran nan ta yanke shawara.

Mijinta ya shigo da jakar kaya, ya ma sa hularsa a karkace.

"Baban yara, kai za a yanka ne? Dubi yadda kake gumi."

"Ni dai a dawo min da ke da bakin nan naki," ya ce, yana gyara mata filo.

Aka gungura ta zuwa ɗakin tiyata tana yi masa tunin ɗauko auta daga makaranta.

Da la'asar ta farfaɗo, cikinta a ɗaure, maƙogwaronta a bushe. Likitar, wata doguwa mai tabarau, ta ce aiki ya yi kyau, ƙarin ya kai girman kan jariri.

"Nan da mako shida kin koma aji."

Inna ta daɗe tana kallon 'yarta. Da likitar ta juya za ta fita, sai tsohuwar ta kama gefen rigarta.

"'Yar nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "in mace ta shekara goma sha biyar da daina al'ada, sai kuma ta fara ganin jini, wannan fa?"

Likitar ta tsaya. "Tun yaushe, Mama?"

"Wata bakwai."

Malama ta lalubo hannun mijinta.

"Baban yara, je ka yanko wa Inna kati."