Rabin Maki a Tebur na Huɗu

Shekara goma sha tara ke nan Malama tana zuwa duba takardun jarrabawar Turanci. Kullum zauren taron wata makaranta ake ba su, mai kujerun yara da ke sa gwiwar mutum ta riƙa dukan ƙasan tebur, da fanka biyu, ɗaya na juyawa ɗaya na kallo. Malamai shida ne a kowane tebur, kowa da jan biro da damin takardu. Abokan aikinta Hukuma suke kiranta, don ba a taɓa jin ta yafe wa ɗalibi ko waƙafi ɗaya ba.

Ranar Laraba da hantsi ta buɗe takardar wata ɗaliba. Ba suna a kai, lamba ce kawai. An ce su rubuta labarin ranar da ba za su manta ba, ita kuwa ta rubuta yadda injin yanka katako ya cinye wa mahaifinta yatsu huɗu, da yadda mai wurin ya zo asibiti da lemo a leda ya ce idan ya warke ya leƙo. Jimlar ƙarshe, in aka mai da ita Hausa, cewa take: wa zai ɗauki kafinta mai yatsa ɗaya aiki. A ƙarshenta yarinyar ta ɗiga aya, ba alamar tambaya ba. Malama ta karanta sau biyu, ta bar jimlar ba ta taɓa ba, ta ba da maki.

Shugaban teburinsu, wanda ake ce wa Dogo, tsohon ɗalibinta ne. Aikinsa ya zari takarda ɗaya cikin goma ya sake dubawa, kuma wannan ce ta faɗo hannunsa. Ya zo ya rusuna kusa da ita, ya nuna mata ƙa'idar da aka raba musu: duk jimlar da ta fara da kalmar tambaya ta ƙare babu alamarta, a cire rabin maki. Ya ce wataƙila idonta ne ya tsallake.

Ta ce idonta lafiya lau. Ta juya shafin ta nuna masa wurare uku da yarinyar ta yi tambayar gaske, ga likita, ga mahaifiyarta, ga direban da ya kai su, kowacce da alamarta daram. Wadda ta san wannan ba mantuwa ta yi ba a layin ƙarshe.

"Malama, ke fa kika koya mana cewa tambaya ba ta tafiya sai da alamarta."

"Tambaya na ce. Ranar da ka fasa gilashin motar babanka, da mahaifiyarka ta ce wa ya aike ka, sunan mutum take jira ka ba ta?"

Teburin ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Dogo bai yi ba. Ya ɗauki takardar ya kai wa babban jami'in da ke zaune a kan dandamali.

Jami'in mutum ne mai sanyin magana. Ya amsa cewa a littattafai ana samun duka biyu, marubuci na iya rufe irin wannan tambaya da aya idan ba amsa yake nema ba. Amma masu dubawa dubbai ne, in kowa zai bi fahimtarsa, an zalunci yaran da takardunsu suka faɗa wani teburin. Rabin maki ne kawai, ta cire ta sa hannu a wuce wurin.

Malama ta ce ta ji uzurinsa, kuma ba ta raina shi ba. Sai dai jan biron nan kuskure ake kewayewa da shi, ita kuwa ba ta ga kuskure ba.

"Yallaɓai, in za a cire, a cire da hannunka. Sa hannuna ba zai zauna a ƙarƙashinsa ba."

Ya zaro koren bironsa, ya kewaye ayar, ya cire rabin makin, ya sa hannu. Sannan ya ce ta miƙa wa Dogo sauran damin takardunta. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ta ɗauki jakarta da gorar ruwanta ta fita kafin azahar.

Maigidanta ya same ta a falo tana rubuta wa hukumar jarrabawar wasiƙa. Da ya ji labarin ya ce shekara talatin yana faɗa wa mutane halinta ba a yarda, yau ga shi an samu shaidu. Ta ce ya kawo mata ambulan ya daina surutu. Wasiƙar ta tafi, amsa ba ta zo ba, kuma da shekara ta zagayo sunanta bai fito cikin masu dubawa ba.

A ajinta ta ƙara darasi guda. Ta rubuta jimla ɗaya sau biyu a allo, ɗaya da alamar tambaya ɗaya da aya, ta sa yara suka karanta da ƙarfi har suka ji bambancin a muryarsu. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta tambayi wanne za su sa ranar jarrabawa.

Malama ta ce su sa alamar tambaya, don ba ita za ta duba ba. Amma duk wanda ya sa aya a littafin aikinsa ya zo ya faɗa mata dalili, in dalilin ya tsaya, makinsa na nan.