Kujera a Layin Gaba

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ba ta da zaure. A ajin ƙarshe muke gwaji, mu tura tebura jikin bango. Ba mu da labule, ba mu da ganga. Wani ɗalibi da ake kira Dogo ne ke buga bayan bokiti. Abin da muke da shi ɗalibai ashirin da biyu ne, da ni malaminsu. A cikinsu akwai wata yarinya mai murya, wadda 'yan ajinsu suka laƙaba wa Zabiya.

Su suka zaɓi abin da wasan zai yi magana a kai: yaran da ake cirewa daga makaranta su kama aiki. Su suka tsara waƙoƙin, nawa gyara ne kawai. A ƙarshen wasan, wata uwa takan ji waƙar 'yarta, ta kama hannunta ta mayar da ita aji.

Ba a yi wata guda ba, mai fitowa a likita ya koma garejin kawunsa. Wasu 'yan biyu suka bi yayarsu kasuwa. Duk wanda ya tafi, sai in ɗauki jan biro in raba maganarsa ga sauran. Kujerarsa kuwa mukan bar ta inda take, don da kujerun yara suka haddace inda kowa zai tsaya. In an ɗauke ɗaya, rawar ta rikice.

"Malam, in aka ci gaba a haka, kai za ka fito a uwar," in ji Dogo. "Ku samo wa Malam ɗankwali."

Aka yi ta dariya. Bayan sati biyu shi ma ya tafi lodi a tasha.

Wata rana da aka tashi, Zabiya ta tsaya har kowa ya fita.

"Malam, ina so a ajiye wa Ummata kujera a layin gaba."

Ta ce mahaifiyarta guga take yi a wani gidan wanki, kuma kafaɗarta ta dama ta daina ɗagawa. Mai wurin ya ce ko ta kawo wanda zai riƙe mata teburin, ko a ba wata.

"Ta ce in gama wasan tukuna, ranar Litinin in fara. Amma ai ba ta taɓa jin waƙar ƙarshe ba, Malam. In ta ji, za ta fasa."

Washegari na je gidan wankin. Ɗaki ne mai zafi, tururi ya jiƙe bango, zannuwan gado jibge har taga. Na tarar da uwar tana jan dutsen guga da hannun hagu. Ta share mini benci, ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malam." Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta ɗauko wani zanen.

Ranar Asabar da yamma muka yi wasan a filin makaranta. Yara goma sha uku suka hau dandamali, da kujeru tara babu kowa a kai. Zabiya ta rera waƙar ƙarshe tana kallon layin gaba. Na ga uwar tana share ido da gefen mayafi.

Babban baƙo ya tashi ya ce abin da ya fi burge shi hikimar jera kujerun nan da babu kowa. Ya ce a tafa wa malamin da ya yi wannan tunani. Aka tafa mini.

Ina tattara kaya kusa da ƙofa lokacin da yarinyar ta iso wurin mahaifiyarta, tana haki.

"Umma, kin ji?"

"Na ji, uwata. Ashe haka kike da baki, a gida sai ki yi ta ƙunƙuni?"

"To ya kika gani?"

"Gaskiya kuka faɗa, tun daga farko har ƙarshe." Ta gyara mata wuyan riga da hannun hagu. "Matar nan ta cikin wasan ta kyauta. Sai dai ba ku nuna mana ba, da ta mayar da yarinyar aji, wa ya yi mata gugar?"

Zabiya ta juyo ta dube ni, don ni na gyara ƙarshen wasan. Na ci gaba da tattara kaya.

"Ki yi sallama da Malam, mu tafi," in ji uwar. "Gobe zan nuna miki yadda ake riƙe dutsen, kada ya ci miki kafaɗa irin tawa."

Yarinyar ta miƙo mini takardar waƙarta, ta yi godiya, ta karɓi jakar mahaifiyarta ta rataya. Duk watannin nan tana zaton don Ummanta ba ta ji waƙar ba ne za a fitar da ita daga makaranta. A ranar ta gane cewa Ummanta ta ji komai, ta kuma yarda da komai, amma duk da haka Litinin za ta fara guga.